Kiran Suna Kafin Ƙidaya: Yadda Ake Haɗa Tambayoyin SQL Don Rahoton Kwafin Ajiya

Uwar adashi ba ta sanin wanda bai yi zubi ba ta hanyar ƙirga kuɗin da ke cikin kwano. Kuɗin da ke gabanta na waɗanda suka zo ne, wadda ba ta zo ba kuwa ba ta bar wata alama a cikin kwanon ba. Sai ta buɗe littafinta, ta bi sunayen 'yan adashi ɗaya bayan ɗaya, sannan gurbin da babu zubi ya bayyana. Wannan ita ce dabarar da yawancin rahotannin kwafin ajiya suka rasa. Mai kula da kwamfutocin ofis yakan rubuta tambaya ɗaya ta fito da ayyukan da suka yi nasara daren jiya, wata ta fito da waɗanda suka faɗi, wata ta tara girman abin da aka kwafa, ya jera su a imel guda ya ce ya haɗa rahoto. Duk ukun kwano suke dubawa. Kwamfutar da aikinta bai tashi ba sam, ko don an cire shi daga jadawali bisa kuskure, ko don an sauya masa suna, ba za ta fito a cikin ko ɗaya daga cikinsu ba, alhali ita ce mafi haɗari. Rahoto na gari yana farawa ne daga jerin abin da ya kamata a kwafa, sai a ɗaura masa sauran tambayoyi har kowane suna ya samu layi ɗaya da hukunci ɗaya.

Duniyar masu wannan sana'a ta riga ta ga abin da shiru yake jawowa. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge bayanan babban rumbunsu na PostgreSQL yana zaton yana kan kwamfuta ta biyu ne, kuma kusan gigabait 300 suka tafi kafin ya tsayar da umarnin. Da aka waiwayi kwafin da manhajar pg_dump ya kamata ta riƙa yi, sai aka tarar da ma'ajiyar babu komai. Sigar pg_dump da ke gudana ta 9.2 ce, rumbun kuwa 9.6 ne, don haka aikin ya daɗe yana faɗuwa. Akwai saƙon gargaɗi da ake aikawa ta imel, amma ana ƙin karɓarsa a hanya saboda bai cika sharaɗin tantancewa na DMARC ba. Kowa ya ɗauki rashin jin ƙorafi a matsayin lafiya. Abin da ya cece su wani hoton faifai ne da aka ɗauka kimanin awa 6 kafin ɓarnar don wata bukata ta daban, kuma duk da haka sun yi asarar ayyuka kusan 5,000, tsokaci kusan 5,000 da asusun sababbin masu amfani wajen 700. Kamfanin da kansa ne ya wallafa wannan bayani. Rahoton da yake kiran suna kowace safiya, yana tambayar yaushe rabon wannan rumbu da kwafi mai kyau, da ya tona matsalar tun makon farko.

Zan yi bayanin aikin a kan Bacula, manhajar da Kern Sibbald ya fara rubutawa a shekarar 2000, saboda kundinta rumbun SQL ne a buɗe wanda kowa zai iya yi wa tambaya. Mai amfani da Bareos, wadda ta tsiro daga jikinta, zai tarar da teburan kusan iri ɗaya ne. Duk aikin da Bacula ta gudanar tana rubuta masa layi a teburin Job. A nan ake samun sunansa a ginshiƙin Name, irinsa a Type, inda B ke nufin kwafi, R maidowa, V tantancewa. Matakinsa a Level, inda F cikakke ne, I ƙarin abin da ya sauya tun kwafin da ya gabata, D kuma abin da ya sauya tun cikakke na ƙarshe. Sai lokacin farawa da gamawa, yawan fayiloli, yawan bait, yawan kurakurai a JobErrors, da harafi guda a JobStatus mai bayyana yadda aka ƙare. T na nufin an gama daidai, W an gama da gargaɗi, E an ƙare da kuskure, A an soke, R yana kan gudana. A kula da girman harafi: ƙaramin f mummunan kuskure ne da ya kashe aiki, babban F kuwa aiki ne da ke jiran kwamfutar da za a kwafa ta amsa. Wanda ya mayar da haruffan duka manya don rahoto ya yi kyau a ido ya cakuɗa gawa da mai barci. Misalan da ke ƙasa na PostgreSQL ne. A MySQL sai daga siga ta 8.0 ta 2018 ake samun WITH da ROW_NUMBER, kuma a kan Linux dole a rubuta sunan tebur da babban harafin farko yadda Bacula ta ƙirƙire shi.

Matakin farko ba ya cikin kundin Bacula ko kaɗan, kai ne za ka gina shi. Ƙaramin tebur ne, littafin uwar adashi ke nan, mai ɗauke da sunan kowane aiki da ake sa ran ya gudana, awanni nawa za a lamunta tsakanin nasara da nasara, kwanaki nawa tsakanin cikakken kwafi da na gaba, da sashen da ke da alhakin kwamfutar. A ajiye shi a keɓantaccen sashe na rumbun don kada sabunta Bacula ya taɓa shi.

```
CREATE SCHEMA rahoto;
CREATE TABLE rahoto.rajista (
  aiki     text PRIMARY KEY,
  awanni   integer NOT NULL,
  kwanaki  integer NOT NULL,
  sashe    text
);
```

Aikin da ke gudana kowane dare sai a ba shi awa 26 ko 30 maimakon 24 cif, domin jinkirin layi ko canjin kaset kada ya riƙa tayar da ƙararrawar banza. Wanda ake yi wa cikakken kwafi a Lahadin farkon wata sai a ba shi kwana 36 ko makamancin haka, tunda tsakanin Lahadin farko da ta wata mai zuwa yakan kai kwana 35. Wani zai ce me ya sa ba za a yi amfani da teburin Client ba, tunda sunayen kwamfutoci na ciki. Dalilai biyu ne. Kwamfuta guda tana iya samun ayyuka da yawa, ɗaya na fayiloli, ɗaya na rumbun bayanai, kuma nasarar na fayiloli za ta rufa wa faɗuwar na rumbun asiri idan da sunan kwamfuta ake ƙidaya. Na biyu, teburin Client yana nuna abin da aka gaya wa Bacula ne kawai. Idan mantuwar daga wajen saiti ta fito, teburin ma ya manta. Rajistar da mutum ya rubuta da hannu, yana duban kwamfutocin da ma'aikata ke dogaro da su a zahiri, shaida ce mai zaman kanta, kuma darajarta ke nan.

Mataki na biyu shi ne a rarrabe tambayoyin da ake so a amsa, domin a nan ne mutane suka fi rikicewa. Yadda gwaji na ƙarshe ya ƙare tambaya ce daban, yaushe rabon a yi nasara tambaya ce daban, yaushe rabon a yi cikakke mai kyau ita ma daban. Aiki na iya faɗuwa da ƙarfe 1 na dare, Bacula ta sake tayar da shi da ƙarfe 2 saboda an kunna mata Reschedule On Error, ya yi nasara. Rahoton da ke lissafa faɗuwa kawai zai tashi mutum daga barci a kan abin da ya riga ya gyaru. Haka kuma ƙananan kwafin ƙari na iya yin nasara kowane dare har wata uku alhali cikakken da suka jingina da shi ya tsufa ko ya fita daga kundi, kuma ƙari ba tare da cikakke ba kamar rufin ɗaki ne babu bango. Don haka kowace tambaya a rubuta ta ita kaɗai, a tabbatar tana ba da layi ɗaya tak ga kowane sunan aiki, sannan a haɗa. Kalmar WITH, wadda PostgreSQL ta samu tun siga ta 8.4 a 2009, amfaninta ke nan: tana ba kowace ƙaramar tambaya suna, a karanta su a jere kamar sakin layi.

```
WITH jere AS (
  SELECT name, jobid, level, jobstatus, joberrors, jobbytes,
         ROW_NUMBER() OVER (PARTITION BY name
           ORDER BY starttime DESC NULLS LAST, jobid DESC) AS lamba
  FROM job WHERE type = 'B'
),
nasara AS (
  SELECT name,
         MAX(starttime) AS ta_karshe,
         MAX(CASE WHEN level = 'F' THEN starttime END) AS cikakke
  FROM job
  WHERE type = 'B' AND jobstatus IN ('T','W')
  GROUP BY name
)
SELECT r.aiki, r.sashe, j.jobstatus, j.joberrors,
       n.ta_karshe, n.cikakke,
  CASE
    WHEN n.ta_karshe IS NULL THEN '1 BABU KWAFI'
    WHEN n.ta_karshe < localtimestamp - r.awanni * interval '1 hour'
      THEN '2 YA MAKARA'
    WHEN n.cikakke IS NULL
      OR n.cikakke < localtimestamp - r.kwanaki * interval '1 day'
      THEN '3 CIKAKKE YA TSUFA'
    WHEN j.jobstatus IN ('E','f','A') THEN '4 NA KARSHE YA FADI'
    WHEN j.jobstatus = 'T' AND j.joberrors = 0 THEN '6 LAFIYA'
    ELSE '5 A DUBA'
  END AS hukunci
FROM rahoto.rajista r
LEFT JOIN jere j   ON j.name = r.aiki AND j.lamba = 1
LEFT JOIN nasara n ON n.name = r.aiki
ORDER BY hukunci, r.aiki;
```

Ran wannan tambaya yana cikin layuka uku na kusa da ƙarshe. Rajista ce a gaba, sauran an ɗaura su da LEFT JOIN, wanda ma'anarsa ita ce kowane suna na rajista sai ya fito ko an samo masa abokin haɗi ko ba a samo ba. Idan ba a samo ba, gurabensa su zo da NULL, wato babu komai, kuma wannan babun ita ce labarin da muke nema. Akwai tarko a nan da ke kama har waɗanda suka daɗe a aikin. Duba inda aka ajiye sharaɗin j.lamba = 1: yana cikin ON, wurin ɗauri. Da za a sauko da shi cikin WHERE, sai rumbun ya fara haɗawa, sannan ya tace, kuma tunda NULL ba ya daidai da 1, duk sunan da ba shi da aiki ko ɗaya sai ya zube. Tambayar za ta gudana ba tare da kuskure ba, rahoton ya fito tsaf, amma waɗanda aka gina shi dominsu sun ɓace daga ciki. Ƙa'idar ita ce duk sharaɗin da ya shafi teburin dama ya zauna a ON ko a cikin ƙaramar tambayarsa. Irin wannan tarkon yana tare da COUNT: alamar tauraro tana ƙirga layin da babu komai a matsayin ɗaya, don haka mai son sanin sau nawa aiki ya gudana sai ya ƙirga j.jobid, wanda zai ba da sifili a inda ya dace.

Tsarin hukuncin ma da gangan aka yi shi. Kalmar LAFIYA ba a ba da ita sai ga layin da ya tsallake dukkan shingaye kuma ya nuna T tare da kurakurai sifili. Duk abin da ba a gane ba yana faɗawa cikin A DUBA. Mutane da yawa suna yin akasin haka, su lissafa munanan haruffan da suka sani, su bar sauran duka su zama lafiya. Ranar da sabuwar siga ta zo da sabon harafi, ko aiki ya maƙale yana jiran a saka kaset tun jiya, rahotonsu zai shafa masa koren fenti. An haɗa da JobErrors ne saboda Bacula tana iya rubuta T ga aikin da ya kasa karanta wasu fayiloli, ta ce an gama tare da gargaɗi, kuma fayil ɗin da aka kasa karantawa don yana buɗe sau da yawa shi ne wanda aka fi aiki da shi a ofishin. Na zaɓi lokacin farawa a kan lokacin gamawa domin shekarun kwafi daga sanda aka fara ɗauka ake lissafa su. Aikin da ya fara ranar Juma'a ya gama Lahadi bayanan Juma'a ne a cikinsa. Jerawa da lokacin farawa maimakon lambar aiki kaɗai ita ma tana da dalili: idan aka ƙaurar da tsohon kwafi zuwa wani kaset, Bacula tana ba shi sabuwar lamba mafi girma amma ta bar masa tsohon lokacinsa, sai ya yi kama da na jiya ga wanda ke bin lamba.

Za a lura babu inda aka tambayi ayyukan ranar kaza. Kwafi aikin dare ne, yana farawa kafin sha biyu ya ƙare bayanta, kuma tacewa da kwanan wata tana raba dare ɗaya gida biyu. Auna tazara daga yanzu zuwa baya ya fi aminci. Sai dai a tabbatar agogon da rumbun ke amfani da shi ya yi daidai da na kwamfutar da Bacula ke zaune, domin kundin yana ajiye lokaci ba tare da alamar yanki ba. Ofishin da ke Kano ko Maradi yana gaba da agogon UTC da awa 1, kuma kwamfutar haya a ƙetare galibi a kan UTC take zuwa.

Yanzu ga wurin da lissafi ke kumbura. Da zarar rahoton ya fara aiki, shugaban sashe zai nemi a ƙara masa sunan kaset ko faifan da kowane kwafi yake ciki, da jimillar girman abin da aka ajiye. Hanyar da ta fi kusa ita ce a ɗaura teburin JobMedia da na Media kai tsaye a jikin Job, kuma ita ce hanyar ɓata. JobMedia ba layi ɗaya take ba kowane aiki ba. Bacula tana ƙara layi duk sanda ta rufe wani yanki a kan kaset, kuma girman yankin idan ba a sauya ba gigabait 1 ne. Ke nan aiki mai gigabait 50 zai iya samun layuka wajen 50, kuma idan aka haɗa sannan aka tara JobBytes, girmansa zai maimaitu sau 50, rahoto ya ce an kwafi gigabait 2,500. Ba a ganin kuskuren a ido saboda lambar tana kama da lamba, har sai an kai ta gaban masu kasafi an nemi kuɗin sayen faifan da ba a bukata. Wasu suna ƙoƙarin magance wannan da DISTINCT a cikin SUM, amma wannan yana jefar da ayyuka biyu daban da suka dace da girma ɗaya. Gyaran gaskiya shi ne a dunƙule ɓangaren mai layuka da yawa tukuna, ya koma layi ɗaya ga kowane aiki, sannan a ɗaura shi.

```
kaset AS (
  SELECT jm.jobid,
         string_agg(DISTINCT m.volumename, ', ') AS sunaye
  FROM jobmedia jm
  JOIN media m ON m.mediaid = jm.mediaid
  GROUP BY jm.jobid
)
```

Sai a ƙara LEFT JOIN kaset k ON k.jobid = j.jobid a ƙasa. Haka za a yi wa teburin Log idan ana son saƙon kuskure ya fito a rahoto, tare da tuna cewa ba ya cika sai an umarci Bacula ta riƙa aika saƙonninta cikin kundi. Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata ya zama al'ada bayan kowane sabon ɗauri: a ƙirga layukan rahoto, a ƙirga layukan rajista. Idan sun yi daidai, ɗaurin ya zauna. Idan rahoto ya fi yawa, wani tebur yana ninka layuka; idan ya gaza, wani sharaɗi yana cinye su.

JOIN yana faɗaɗa rahoto ta gefe, UNION kuwa yana tsawaita shi ta ƙasa, kuma akwai aiki ɗaya da ya dace da shi sosai. Rajista tana kama aikin da ya kamata ya gudana bai gudana ba, amma akwai kishiyarsa, wato aikin da ke gudana alhali ba a rubuta shi a rajista ba. Sai a rubuta tambaya ta biyu ta zaƙulo sunayen da suka bayyana a Job cikin kwana 7 da suka wuce waɗanda babu su a rajista, a ba su hukuncin BA YA RAJISTA, a liƙa su ƙarƙashin na farko da UNION ALL. A yi amfani da NOT EXISTS wajen wannan bincike. NOT IN yana da hali mara kyau: muddin NULL ɗaya ya shiga jerin da ake dubawa, ba zai dawo da ko layi ɗaya ba, kuma ba zai yi ƙorafi ba. A kuma riƙe ALL ɗin nan, domin UNION shi kaɗai yana share layukan da suka yi kama da juna. Wannan ya fi muhimmanci ga wanda ke tattaro rahoto daga kundi biyu, na hedikwata da na reshe, inda lambobin aiki da sunaye kan zo ɗaya. A irin wannan hali a ƙara ginshiƙi mai faɗin daga wane kundi layin ya fito.

Saura aikin da ya ce ya yi nasara alhali buhun da ya ɗauko babu hatsi. Idan faifan da ake kwafa bai hau ba, ko an mayar da fayiloli wani wuri ba a gyara saiti ba, Bacula za ta iya kwafe babban fayil ɗin da babu komai a ciki ta rubuta T da zuciya ɗaya. Ga kwafin ƙari, bait kaɗan ba abin tsoro ba ne, wataƙila ranar hutu ce. Ga cikakke kuwa, faɗuwar girma alama ce babba. Da kalmar LAG ta SQL, a kan ayyukan da matakinsu F ne, ana iya ajiye girman cikakke na ƙarshe kusa da na wanda ya gabace shi, a ce duk wanda ya gaza rabin na baya ya shiga A DUBA. Rabin nan ba doka ba ce, kowane ofis ya duba yadda bayanansa ke hawa da sauka ya tsayar da nasa ma'auni.

Akwai masu ganin duk wannan wahalar banza ce, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa. Na farko su ce Bacula tana aika imel bayan kowane aiki. Gaskiya ne, amma aikin da bai tashi ba ba ya aika komai, kuma mutumin da ke samun saƙo 40 kowace safiya ba zai lura ranar da suka zo 39 ba. Na biyu su ce akwai manhajojin kallo irin su Baculum da Bacula-Web masu zane da launi. Suna da amfani ƙwarai wajen bincike, sai dai daga kundin suke ɗebo abin da suke nunawa, kuma ba su san jerin kwamfutocin da ke cikin kan shugaban ofis ba. Na uku su ce doguwar tambaya tana da wuyar gyara, gara a fitar da ƙanana a haɗa su a Excel. Haɗawa da hannu tana tafiya daidai har ranar da mai yin ta ya tafi hutu ko ya yi sauri, alhali tambayar da aka raba da WITH ana iya gwada kowane yankinta shi kaɗai, a ajiye ta a fayil, wani ya karanta ya gyara. Game da nauyi a kan rumbu, teburin da ke da girma a kundin Bacula shi ne File, mai layi ga kowane fayil da aka taɓa kwafa, kuma rahoton nan bai kusance shi ba.

Hujja ta huɗu ita ce mai ƙarfi, kuma ban ga amfanin rage mata nauyi ba: rajistar hannu tana tsufa. An sayo sabuwar kwamfuta, ba a saka ta a Bacula ba, ba a saka ta a rajista ba, babu tambayar SQL da za ta san da zamanta. Wannan haka yake. Binciken BA YA RAJISTA yana toshe rabin ɓarakar, sauran rabin kuma aikin mutane ne: a mayar da ƙara suna a rajista wani sharaɗi na miƙa sabuwar kwamfuta ga masu aiki da ita, kuma duk wata uku a zauna da kowane sashe a karanta musu jerinsu su tabbatar. Rajista mai giɓi da ake dubawa lokaci lokaci ta fi rashin rajista nesa ba kusa ba, domin aƙalla akwai takardar da za a kama a ce ga inda aka yi sake.

Wani abu kuma da zai iya ba mai karatu mamaki shi ne ganin BABU KWAFI ko CIKAKKE YA TSUFA a kan aikin da ya tabbata an taɓa yi masa kwafi. Bacula tana share tsofaffin layuka daga kundi idan wa'adinsu ya cika. Idan ba a sauya saiti ba, bayanan fayiloli kwana 60 suke yi, na ayyuka kwana 180, kaset kuma shekara 1. Kada a yi wa rahoton kwaskwarima don ya yi shiru a kan wannan. Kwafin da kundi ya manta da shi, ko da yana kan kaset, maido shi sai an bi ta doguwar hanya da manhajar bscan ana sake karanta kaset ɗin daga farko, kuma gara a san haka tun ana cikin kwanciyar hankali.

Wajen isar da rahoto, a buɗe wa tambayar asusu na musamman a rumbun mai izinin karatu kawai, a sa manhajar jadawali ta cron ta gudanar da ita ta manhajar psql kowace safiya bayan an gama ayyukan dare. A aika shi kullum, ko da komai lafiya, da taƙaitaccen lissafi a kan saƙon, misali lafiya 38 cikin 40, domin ranar da bai zo ba rashin zuwansa ya zama ƙararrawa, kuma a ɗora wa mutum ɗaya sananne alhakin cewa bai gan shi ba. Kafin a amince da shi, a jarraba shi da gangan: a saka sunan aikin da babu shi a rajista, a gani ko zai fito a saman jeri da BABU KWAFI, a dakatar da wani ƙaramin aiki na kwana biyu, a gani ko zai koma YA MAKARA. A ƙasan rahoton a ƙara layi ɗaya daga ayyukan da irinsu R ne, mai nuna ranar da aka yi maidowa ta ƙarshe cikin nasara, domin duk abin da ke sama shaida ce cewa an rubuta bayanai, wannan layin kaɗai ke nuna an taɓa karanto su. Mai karatu, idan ka gudanar da tambayar ka tarar ranar ta haura wata uku, ko gurbin ya fito babu komai, zaɓi fayil ɗaya daga kwafin daren jiya ka maido shi a wani wuri daban, ka buɗe shi da idonka kafin ka tashi daga aiki yau.